Jita, gurmi da eko: Tarihin amsa-kuwwa daga Amurka zuwa Haɗeja

Kwanakin baya na je Haɗeja ta'aziyya, sai ƙanen wani aboki na ya tare ni a zaure bayan sallar isha'i, ya jawo wani dogon akwati ya buɗe. Jita ce ta lantarki a ciki, tsohuwa tukuf, fentin ta duk ya ɓanɓare. Ta kawun su ce marigayi, wanda ya yi kiɗa a otal-otal na Sabon Garin Kano a shekarun 1970. Yaron ya gyara ta, ya sa mata sababbin tsirkiyoyi, har ya fara iya kaɗawa.

"Yaya," in ji shi, "in na kaɗa sai in ji sautin ya bushe ƙayau, ba kamar na kaset ɗin Kawu ba. An ce na'urar eko zan saya. To wace iri?"

Kuɗin da ya tara daga noman rani ne zai kashe, saboda haka ya na tsoron kada ya zuba su a rijiya. Na ce masa ya ba ni lokaci, domin amsar tambayar sa ba a kanti ta ke ba, a tarihi ta ke.

Da farko dai, amsa-kuwwa baƙuwa ce a ƙasar Haɗeja. Sauti ya na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kuma kunne ba ya rarrabe murya da amsar ta sai an samu ratar kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wato sai akwai dutse ko doguwar katanga a nisan mita 17 ko fiye. To ina dutse a fadama? Daga Haɗeja har Nguru ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ruwa ne da kacalla da gonakin shinkafa. Masunci zai ƙwala wa ɗan'uwan sa kira daga kwalekwale, muryar ta bi saman ruwa ta yi nisa, amma ba ta dawowa. Yaron da ya tashi a can, in ya na son jin muryar sa ta amsa masa, sai dai ya leƙa rijiya ko ya tura kai a tulu.

Na'ura ce ta kawo mana ita. A Hausa ma sunan lasifika da sunan wannan amo ɗaya ne: amsa-kuwwa. Hanya ta biyu kuwa ita ce finafinan Indiya, waɗanda Kwarori masu silima su ka riƙa nunawa a Kano da sauran biranen Arewa tun wajen shekarun 1960. Duk wanda ya ji muryar Lata Mangeshkar ta na yawo kamar daga bayan tsauni, ya san abin da na ke nufi. An sha ba da labarin cewa a lokacin aikin fim ɗin Mughal-e-Azam na 1960, makaɗi Naushad ya rasa na'urar da za ta ba shi amon da ya ke so, sai ya sa Lata ta yi waƙar a banɗakin situdiyo. Ka ji dabara!

A nan ya kamata mai karatu ya bambance abu biyu da mu ke haɗawa mu kira eko. Akwai amon soro, irin na banɗakin Lata, inda sauti ke cika ɗaki ya na rugugi ba a iya ƙirga shi. Akwai kuma maimaici, inda ka kaɗa "tan" ka ji wata "tan" ta biyo baya. Na biyun shi ne tarihin sa ya haɗu da na jita.

A birnin Memfis na Amurka, wani mai situdiyo, Sam Phillips, ya gano cewa in ya haɗa rikoda biyu masu zaren tef, sautin da ya shiga ta biyu ya kan fito a ɗan makare. Dalili kuwa shi ne a cikin rikoda akwai kan da ke naɗa sauti, akwai wanda ke karanta shi, kuma sai zaren ya yi 'yar tafiya daga wannan zuwa wancan. Wannan 'yar tafiyar ita ce eko. Da ita ya ɗauki faifan Elvis Presley na farko a 1954: maimaici guda tak, gajere, kamar mari. Da Elvis ya koma babban kamfanin RCA, injiniyoyin can ba su san sirrin ba, har sai da su ka kafa lasifika da makirfo a wani dogon lungu a 1956 don su kwaikwayi abin.

Matsalar ita ce mai jita ba zai iya ɗaukar situdiyo ya tafi da ita wajen wasa ba. Sai wani mai gyaran kayan sauti a Jihar Ilinois, Ray Butts, ya ƙera amfilifaya da zaren tef a cikin ta, ya kira ta EchoSonic. Scotty Moore, mai kaɗa wa Elvis jita, ya sayi ɗaya a 1955. Da hannu ake yin su, duka-duka ba su kai ɗari ba. Daga nan kasuwa ta buɗe. A Ingila Charlie Watkins ya fito da Copicat a 1958, mai araha, wadda samari su ka yi wa rububi. A Amurka Mike Battle ya ƙirƙiro Echoplex wajen 1959, wadda ake zamar da kan ta gaba ko baya don a tsawaita ratar ko a gajarta. A Italiya kamfanin Binson ya yar da zaren tef gaba ɗaya, ya sa wani faifan ƙarfe mai juyawa, ya kira na'urar Echorec. Sai a 1974 kamfanin Roland na Japan ya fito da Space Echo, wadda mawaƙan Jamaika irin su Lee Perry su ka mayar tamkar kayan kiɗa mai zaman kan sa.

To amma ga abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Daɗin da ake ji a waɗannan tsofaffin na'urori, aibin su ne. Zaren tef ba ya mayar da sauti yadda aka ba shi. Duk zagaye sai ya rage masa kaifi, maimaici na biyu ya fi na farko dusashewa, na uku ya fi na biyu, kamar mutum ya na tafiya ya na nisa. Injin da ke jan zaren kuma ba ya tafiya daidai wa daida, sai sautin ya riƙa 'yar rawa. Injiniyoyi sun shekara ashirin su na yaƙi da waɗannan aibobi, da su ka ci nasara kuma sai makaɗa su ka ce a dawo masu da su.

Wannan sautin ne ya iso Afirka. Masu jitar Kwango irin su Franco da Dokta Nico sun yi tashe da shi, faya-fayen su su ka cika rediyoyi. A Nijeriya ga 'yan hailaif irin su Victor Uwaifo, a Kaduna ga Bala Miller da ƙungiyar sa su na waƙa da Hausa a kan kayan kiɗan turawa. Irin abin da makaɗan otal na Sabon Gari ke kwaikwayo kenan, kuma shi ne yaron nan ya ji a kaset ɗin kawun sa.

Bayan zamanin zare sai aka shiga na 'yar ƙwayar lantarki. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro wata a 1969 wadda ke aiki kamar leburori a wajen zuba dakin: wannan ya miƙa wa wancan kwanon kankare, wancan ya miƙa wa na gaba, kafin ya kai sama an ɗau lokaci, kuma an ɗan zubar a hanya. Zubarwar nan ita ke dusashe sautin, kusan yadda zare ke yi. Da irin ta aka yi Memory Man a 1976 da Boss DM-2 a 1981, 'yan ƙananan akwatuna da ake takawa da ƙafa. DM-2 ba ta wuce ratar kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Sannan a 1983 Boss ya fito da DD-2 mai aiki da lissafin kwamfuta, wadda ke mayar da sauti tsaf, babu ragi babu ƙari.

Mu kuma a nan, jita ba ta taɓa samun gindin zama a fim ɗin Hausa ba. Bayan Turmin Danya na 1990, zuwa lokacin da Sangaya ya girgiza kasuwa, abin da ya ci gari shi ne fiyano ƙirar Yamaha, a situdiyo irin ta Iyan-Tama a Kano. Fiyano ɗaya ita ce kalangu, ita ce sarewa, ita ce jita. Eko kuma ya zama maɓalli kawai, ba shi da tsada, ba ya buƙatar gwaninta. Abin da ya zo a banza kuwa, an san yadda mu ke yi da shi. Mawaƙi a murɗe masa eko, sanƙira a wajen biki a murɗe masa, mai tallar magani a tasha a murɗe masa, ya ce "jama'a" ka ji ta sau biyar kafin ya faɗi abin da ya tara ku a kai. Ni dai a gani na, waƙoƙin fim da yawa na wancan lokaci an lulluɓe raunin murya ne da eko, kamar yadda ake cika wa miya yaji in babu nama.

Duk da haka salon ya yi tasiri har ƙetare. Mdou Moctar, Buzun nan mai jita daga Jamhuriyar Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundin sa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar da situdiyoyin Hausa su ka saba. Waƙoƙin su ka yaɗu daga waya zuwa waya a Sahara, daga baya ya fito a fim a Agadas a 2015, ya zagaya duniya da jitar sa.

Sai dai malamin da na fi so yaron nan ya saurara ɗan garin su ne: marigayi Alhaji Haruna Uji, mai gurmi. Gurmi kamar jitar da ba a sa wa komai ba ne. Ka taɓa tsirkiya, sautin ya fito, nan take ya mutu, domin ƙwarya da fata ba sa riƙe amo. To saurari Jummai da kyau. Ba za ka ji rami a kiɗan ba, saboda yatsun sa ne ke cike gurbin, su na komawa kan sautin da ya wuce kafin ya huce. Abin da Sam Phillips ya nema da rikoda biyu, Haruna Uji ya na yin kusan irin sa da hannu. Kuma bai taɓa bari kiɗan ya danne maganar sa ba, ko wace kalma ta na fita fes.

Da na koma Haɗeja ga abin da na gaya wa yaron. Na'urar zare ta asali, ya cire ta a ran sa. Tsadar ta daban, wahalar ta daban. Ƙurar hunturu za ta cinye kawunan ta, zafin bazara da ke haura digiri 40 zai lalata zaren da robar da ke jan sa, kuma babu mai gyaran ta a kusa. In ƙirar Amurka ce ma, wutar su ba irin tamu ba ce, sai an nemo taransifoma, injin kuma ya na iya tafiya a hankali fiye da yadda aka tsara shi. Mai aiki da lissafin kwamfuta zalla kuwa za ta ba shi sauti mai tsafta, amma irin na situdiyon yau, wanda ba shi ya ke nema ba, sai fa irin waɗanda aka yi musamman don kwaikwayon zare, kamar Boss RE-20 ta 2007. Abin da ya dace da aljihun sa da garin su shi ne ta tsakiyar nan, mai miƙon kwano, ko da kwaikwayon ta ne mai araha. Babu abin da ke juyawa a cikin ta balle ƙura ta tsayar, kuma yawancin su batir mai bolt 9 ya ishe su, ko an ɗauke wuta.

Maɓallai uku zai tarar a kan ta: na tsawon rata, na yawan maimaici, da na ƙarfin amsar. Na ce ya sa na farko a ƙasa-ƙasa, na biyu a maimaici ɗaya ko biyu, na uku kuma yadda amsar ba za ta kai ƙarfin kiɗan ba. Kuma kada ya biya sai ya je Kano da jitar a hannu ya gwada.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wato in kashe kuɗin shinkafa ta a kan abin da ba za a ma ji shi sosai ba?"

Na ce ya ɗauko kaset ɗin kawun nasa mu sake saurare. Mu ka aro rikodar maƙwabci, aka hure mata ƙura, aka sa. Ya kasa kunne ya na ƙirgawa da yatsa. Sau ɗaya jitar ke amsawa.