Daga "hatsari ne" zuwa ɗaurin rai-da-rai

Ranar 17 ga Agusta 1896 mota ta buge wata mata mai suna Bridget Driscoll a birnin Landan, ta mutu. Gudun motar bai wuce kilomita 7 a awa ba. Aka yi zaman bincike, aka ce hatsari ne, ba a gurfanar da kowa ba.

Shekara sittin Ingila ta yi kafin ta ware wa irin wannan kisa dokarsa. Ana iya tuhumar direba da kisa ba da niyya ba, sai dai a can ƴan gari ake zaɓowa su zauna a kotu su faɗi ko mutum ya yi laifi, kuma da yawansu su ma suna tuƙi. Kowa na ganin gobe shi ne, sai su wanke direban. A 1956 majalisa ta kafa laifi na musamman, haddasa mutuwa ta tuƙin ganganci, da ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba. A 1993 ya koma 10, a 2004 ya kai 14, a 2022 ya zama rai-da-rai.

Faransa ta bi wata hanya. A Yuli 2025 ta fito da laifin da ta kira "homicide routier", kisan kan hanya, ga wanda ya kashe mutum yana tuƙi cikin maye, ko ba permi, ko da gudun wuce kima. Shekarun ɗaurin ba su ƙaru ba, 7 ne, ko 10 in laifin ya yi tsanani. Suna aka canja, don iyalan mamata sun gaji da jin "ba da niyya ba" a kan wanda ya sha ya hau sitiyari.

Wannan ta fi taɓa ni, domin dokar hukunta laifuka ta Nijar ta 1961 daga ta Faransa aka samo ta, kuma mu ma bakinmu ya saba da "ƙaddara ce". Ban musa ƙaddara ba. Amma direban da ya san burkinsa ya mutu, ya cika fasinja ya kama hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ya yi zaɓi tun daga tasha. A ganina gyara daga nan yake farawa: a kira laifin da sunansa, a kuma kai shi gaban alƙali. In ba a kai ba, ko rai-da-rai aka rubuta, a takarda zai tsaya.