Daga Jirgin Ƙaura Zuwa Danjar Kano

A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda. Nan ne ƙarshensa, nan kuma ake lodin gyaɗa da audugar ƙasar, har da ta Shinkafi da Zurmi. Jirgin nan yana da wata alfarma da ba a yi masa gardama a kanta. Duk inda dogo ya gitta hanya, da ya yi kuka, mai jaki da mai keke da direban babbar mota sai su ja su tsaya har taragon ƙarshe ya wuce.

Da harkar jirgi ta ja baya, mota ta gaji fasinjansa, amma ba ta gaji alfarmarsa ba. A Kano aka fi ganin haka. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo adaidaita sahu a 2005, aka kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA a 2012, sannan a Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja. Nan da nan 'yar ƙurƙura, wato adaidaita sahu, ta cika titi. A Nuwamban 2022 gwamnatin Ganduje ta hana ta bin wasu manyan hanyoyi don a saka bas, amma kafin mako ya zagayo an dakatar da dokar. A ganina an yi gaggawar kafa dokar, domin ba a raba mutum da abin hawansa sai an ba shi wanda ya fi shi sauri.

Mutanen Zurik a ƙasar Suwizalan ta wata ƙofar suka shiga. A 1973 suka ƙi amincewa da haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, a 1977 suka kaɗa ƙuri'ar fifita motocin jama'a a kan titi. Daga baya aka sa na'urar da ke sanar da danja cewa bas ta ƙarato, sai ta tsawaita kore ko ta gajarta ja. Titin bai ƙara faɗi ba, jira ne ya ragu. Legas ma a Maris na 2008 ta keɓe wa bas layinta daga Mile 12 zuwa CMS.

Mutumin Ƙaura da ya sauka Kano yau kuwa, zai tarar da bas cike maƙil da mutane tana jiran danja a bayan motar da direba kaɗai ke cikinta.