Daga Ayari zuwa Otomatik: Tarihin Gyaran Giya a Damargu

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu motoci da makanikai, kuma Tanut da Belbeji na ƙasar Damargu ba a bar su a baya ba. Kayan Kwatano sun yi wuya. Mai mota ya kawo otomatik ɗinsa tana jan ƙafa, bakanike ya ce sai dai a sayo wani giyabos ɗungurungum. Masu motoci suna cewa makanikan yanzu 'yan cire-ka-sa ne kawai, makanikan kuma suna ɗora laifin kan zafi da rairayi. Ni kam a ganina duka sun bar jaki suna dukan taiki.

Damargu daɗaɗɗen zango ce. A da, nan ayarin Azbin ke yada zango ya auni gero kafin ya gangara Kano. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya lagon fataucin hamada. A ƙarshen 1924 motocin Citroën masu sarƙa a ƙafafun baya suka biyo ta Yamai da Damagaram suka nufi tafkin Chadi. A shekarun 1930 kuma kamfanin SATT ya riƙa jigila daga Aljeriya ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram har Kano, hanyar da ta ratsa Damargu. Tun a lokacin darasin ya fito fili: a wannan hanya, in giya ta tsaya, sai wanda ke cikin motar ya gyara ta.

Amma sana'ar ba ta zauna da gindinta ba sai zamanin Land Rover da Berliet, musamman kuma Peugeot 404 da 504. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyara suka wadata a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa ta Kano, daga can su hauro Damagaram su iso Tanut. Abin da ya raya gareji ke nan: ana samun ƙaramin ƙarfe ɗaya a saya, ba sai an sayi akwatin duka ba.

Wanda ya ga tsohon bakanike yana buɗe giyar hannu ya san aiki ne na natsuwa. Da kunne yake farawa. In mota tana kuka a tsaye, aka taka kuloci kukan ya ɗauke, zai ce boris ɗin sandar gaba ne. In tana gurnani duk lokacin da za a sa giya ta biyu, zoben tagullar nan ne ya cinye. Sai ya tsiyaye mai, ya murza shi tsakanin yatsu yana neman ɓurɓushin ƙarfe. A wanke haƙoran giya a daro da gazuwal, a jera su bisa buhu yadda suka fito, yaron gareji yana tsugune yana haddace jerin. Ba littafi, ba na'ura, amma mota ta koma Agadas da lodinta.

To, ina aka kwana? A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Sabuwar mota da sabbin kaya suka fi ƙarfin talaka, tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar Kwatano suka cika ƙasa, tare da injuna da giyabos na hannu-biyu. Sannu a hankali otomatik ta yawaita a cikinsu. Ita ba baƙuwa ba ce a duniya, tun 1939 kamfanin General Motors ya fito da Hydra-Matic a Amurka. Baƙuwa ce dai a garejinmu, domin ta zo ba tare da ƙananan kayanta ba. Bakaniken da ya buɗe ta zai tarar da faifai bisa faifai, da robobi, da hanyoyin mai sirara. Ko ya gane abin da ya ƙone, ina zai samo shi? Sayen tsohon akwati ya fi sauƙi da araha. Shekara talatin ana haka, yaran da suka zama ogogi yau sun taso sun tarar canji ake yi, ba gyara ba.

Masu cewa jahilci ne, su gaya mana yadda hannun da ke harhaɗa giyar Land Cruiser a ƙarƙashin bishiya zai kasa koyon wani abu. Masu cewa zafi ne suna da 'yar gaskiya, don zafi ne babban makashin otomatik. Sai dai yawancinsa mu ke jawo shi. Mota ta kafe a rairayi, maimakon a rage iskar taya a haƙa, sai a yi ta gaba da baya har mai ya tafasa. Ta mutu a hanyar Belbeji, a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa da inji a kashe, alhali famfon da ke zagaya da mai ba ya aiki. Wani ma ya zuba mata baƙin mai ko man giyar hannu mai kauri, a maimakon jan man da aka yi dominta. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana nan kan hanyarmu ta zuwa Damagaram, amma fetur da gazuwal da iskar gas take fitarwa. Man giya daga waje yake zuwa, kuma jabu ya yi yawa.

Saboda haka kasuwa ce ta koya mana gyara, ita ce kuma ta raba mu da shi. Yanzu da hanyar Kwatano ta toshe, ya kamata cibiyoyin koyon sana'a su sa otomatik cikin darussansu, 'yan kasuwa su fara shigo da faifai da robobinta. Kai kuma mai mota, ka riƙa duba man giyarka: in ya yi baƙi yana warin ƙuna, kada ka hau hanyar Agadas sai ka ga bakanike.