Komawa nutso cikin teku bayan dogon hutu

Takardar shaidar da ake bai wa wanda ya koyi nutso da tukunyar iska a bayansa, wato sikuba, ba ta da ranar ƙarewa. Amma ƙwarewar da takardar ke shaidawa tana dusashewa idan mutum ya daɗe bai shiga ruwa ba.

Wannan ne ya sa ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, kuma take cikin manyan masu koyar da nutso a duniya, ke shawartar duk wanda ya yi kamar wata shida bai yi nutso ba da ya yi bita tukuna.

A garuruwan Masar da ke gaɓar Bahar Maliya, irin su Sharm el-Sheikh da Hurghada, cibiyoyin nutso da dama sukan tambayi baƙo ranar da ya yi nutsonsa na ƙarshe, su kuma gwada shi a ruwa mara zurfi kafin su fita da shi cikin teku.

Matsin ruwa

Tun daga 1943, lokacin da Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ta share fagen nutson zamani, kayan aikin sun yi ta samun gyara. Yadda ruwa ke matsa jikin ɗan Adam kuwa bai sauya ba, kuma daga nan ake fara bita.

A zurfin mita 10 matsin da ke kan mutum ya ninka na bakin teku sau biyu. A mita 30 ya ninka sau huɗu, saboda haka iskar tukunya takan ƙare da sauri har ninki huɗu.

Iska tana takurewa idan aka yi ƙasa, tana kumbura idan aka yi sama. Daga nan ne babbar dokar nutso ta samo asali: kada mai nutso ya taɓa riƙe numfashinsa. Wanda ya cika huhunsa a ƙasa ya taso ba tare da yana fitar da iska ba, zai iya yi wa huhun mummunan rauni ko da a zurfin 'yan mitoci ne.

Kunne ma yana jin matsin. Yayin sauka akan toshe hanci a hura a hankali, tun kafin a ji zafi. Mai mura ba ya iya yin haka da kyau, shi ya sa ake hana shi nutso.

Tasowa

Kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, kuma a ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso da gaggawa, sai ta koma kumfa a jikinsa, kamar yadda ake gani idan an buɗe kwalbar lemo. Hakan kan haddasa ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma mutuwa.

Jadawalin PADI ya hana tasowa fiye da mita 18 a minti ɗaya, yayin da yawancin kwamfutocin da ake ɗaurawa a hannu ke kashedi tun daga mita 9 ko 10. Ana kuma tsayawa na minti uku a zurfin mita 5 kafin a fito.

Mai takardar matakin farko ba ya wuce mita 18. Iyakar nutson nishaɗi baki ɗaya mita 40 ce.

Abin da ake maimaitawa

Bitar kan ɗauki 'yan sa'o'i, a wurin ninƙaya ko a gefen teku, tare da malami. Mai nutso zai harhaɗa kayansa da kansa, ya fitar da ruwa daga tabarau yana ƙarƙashin ruwa, ya lalubo bututun numfashi idan ya kuɓuce daga bakinsa, ya kuma karɓi iska daga abokin tafiyarsa.

Waɗannan abubuwa suna da sauƙi a tsaye cikin ruwan da bai wuce ƙirji ba. A ƙasan teku, wanda hannunsa ya manta da su yakan firgita, mai firgita kuma yakan zabura sama.

Akan sake bitar alamun hannu, tun da ba a magana a cikin ruwa. Ɗaga babban yatsa yana nufin a tashi sama. Alamar lafiya lau ita ce haɗa babban yatsa da manuniya su yi da'ira.

Kaya da lafiya

Kayan da suka daɗe a ajiye suna lalacewa ko ba a taɓa su ba, musamman robobin da ke hana iska tsiyaya. Ya kamata ƙwararre ya duba na'urar numfashi, a kuma tabbatar an yi wa tukunya gwaji. Akan cika ta zuwa ma'aunin 200, a shirya fitowa da saura 50.

Jiki ma yana sauyawa. Wanda ya yi ƙiba ko ya rame, sai ya sake auna dalmar da yake ɗaurawa domin ta nutsar da shi. Ƙungiyar DAN mai bin diddigin haɗurran nutso ta nuna cewa ciwon zuciya na cikin manyan musabbaban mutuwar masu nutso da suka manyanta. Don haka mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko asma, ko wanda aka yi wa tiyata, ya ga likita kafin ya koma ruwa.

Matafiya kuma su lura da lokacin jirginsu. Ƙa'idar ita ce a jira aƙalla sa'a 12 bayan nutso ɗaya, ko sa'a 18 bayan nutso da yawa, kafin a hau jirgin sama.