AMSOSHIN TAKARDUNKU: Jaridar Tsohon Bawa da Karo-karo Ya Raya

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga hannun wani manomi kuma mai sayar da hatsi a yankin Funtuwa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce wasu samarin garinsu sun fara buga 'yar jarida mai kawo kukan manoma a kan taki da kuɗin kasuwa, kuma duk ranar kasuwa sai su zagaya rumfa-rumfa suna neman gudummawa. Shi ne yake tambaya, wai shin an taɓa yin jaridar da kuɗin talakawa ya riƙe ta har ta tsinana wani abu, ko kuwa duk wanda ya sa kuɗinsa ya zuba ruwa a kwando ne?

To Malam, an taɓa yi. Bari in ɗauko maka labari guda daga Amurka in bi shi daki-daki, domin a cikinsa akwai daɗin abin, akwai kuma ɗacinsa.

Kafin shekarar 1865 doka ta yarda da bauta a jihohin kudancin Amurka. Ƙidayar 1860 ta nuna akwai bayi baƙar fata kusan miliyan 4, yawancinsu a gonakin auduga da taba da rake. Auduga kuwa ita ce babbar hajar da ƙasar ke fitarwa waje, saboda haka attajirai da yawa, har na arewacin ƙasar, suna cin moriyar gumin bayi. Ka ga duk jaridar da ta tashi yaƙi da bauta ba ta da wani babban ɗan kasuwa da zai riƙa ba ta talla. Abin da ya rage mata shi ne aljihun masu karatunta.

Ranar 1 ga Janairu 1831 wani Bature mai suna William Lloyd Garrison ya fara buga irin wannan jarida a birnin Boston, sunanta The Liberator, wato mai 'yantarwa. Talaka ne, ba shi da jari. Wani baƙar fata mai sana'ar ɗinka filafilan jiragen ruwa a Philadelphia, James Forten, shi ya aika masa da dala 54, kuɗin shekara na mutum 27, tun jaridar tana shirin fitowa. A shekarar 1834 kashi uku cikin huɗu na masu biyan kuɗin jaridar baƙaƙen fata ne 'yantattu, masu aski da 'yan dako da masu wanki da ma'aikatan jirgi. Zafin abin da take bugawa ya kai har majalisar jihar Georgia ta sa ladan dala 5,000 ga wanda ya kamo Garrison aka hukunta shi.

Cikin waɗanda wannan jarida ta faɗa hannunsu akwai wani saurayi mai suna Frederick Douglass. An haife shi bawa a jihar Maryland wajen 1818, ya koyi karatu a ɓoye, ya gudu a watan Satumba na 1838, ya zauna a garin New Bedford yana aikin ƙarfi. Da wakilin jaridar ya zo masa, sai ya ce yana so, amma bai daɗe da tserewa ba, ba shi da abin biya a lokacin. Duk da haka daga baya sunansa ya shiga cikin masu karɓa. Daga karatun nan ya shiga zuwa taro, a 1841 ya fara jawabi a gaban jama'a, a 1845 ya buga tarihin rayuwarsa. Littafin ya bayyana sunan ubangijinsa da inda ya fito, don haka zama ya gagare shi, sai ya tsallaka Ailan da Ingila.

A can ne karo-karo ya fara yi masa rana. Wasu mata biyu na gidan Richardson a garin Newcastle suka jagoranci tara fam 150, aka biya waɗanda ke da'awar mallakarsa a 1846, ya zama ɗa a idon doka. Masoyansa suka sake tara masa kusan fam 500 don ya sayi injin buga jarida. Garrison da mutanensa ba su so ba. Suka ce ai baiwarsa a baki take, kuma jaridun baƙar fata da aka yi a baya ba su yi ƙarko ba. Ba ƙarya suka yi ba, don ta farkonsu, Freedom's Journal, an fara ta a 1827, ta mutu a 1829.

Douglass bai ji ba. Ranar 3 ga Disamba 1847 ya fito da The North Star a garin Rochester na jihar New York. Ma'anar sunan Tauraron Arewa, wanda bayi masu gudu ke bi da dare don kada su ɓata hanya. Shafi huɗu ce, mako-mako, dala 2 a shekara. Abokin aikinsa shi ne Martin Delany, wanda daga baya a 1859 ya zo har Abeokuta.

To yanzu Malam, kai ɗan kasuwa ne, zo mu yi lissafi. Douglass ya ce buga jaridar kan ci dala 80 a mako. A shekara ke nan dala 4,160. In kowa na biyan dala 2, sai an sami mutum 2,080 masu biya a kan lokaci kafin a mai da uwar kuɗi, ban da abin da edita zai ci da iyalinsa. Ga shi waɗanda ake yi domin su, wato bayin kudu, ba su da kuɗi, jihohi da dama sun hana a koya musu karatu, kuma ba a barin irin wannan jarida ta shiga can. 'Yantattun arewa kuwa yawancinsu hannu baka hannu ƙwarya suke. Wasu sukan ba da suna su yi ta karɓar jarida, biya kuwa sai an ga dama. Ka san halin bashi a kasuwa. Fam 500 ɗin nan na Ingila ya sayi inji, amma inji ba ya sayen takarda da tawada duk mako. Shekara ba ta zagayo ba, a 1848, sai da Douglass ya jinginar da gidansa. Ya riƙa fita yawon jawabi yana zuba abin da ya samu a jaridar, 'ya'yansa suka shiga ɗakin ɗab'i suna taya jera baƙaƙe. Delany ya yi yawon neman masu biya, abin bai yi auki ba, a 1849 suka rabu.

A wannan shekara ta 1849 wata Baturiyar Ingila mai suna Julia Griffiths ta iso Rochester ta karɓi littafin lissafi. Abu na farko da ta yi shi ne raba kuɗin jarida da kuɗin aljihun Douglass, don a da duk a tukunya ɗaya suke. Ta bi masu bashi, ta yi ta rubuta wasiƙun neman gudummawa. Douglass da kansa ya shaida cewa cikin shekara guda masu karɓar jaridar sun tashi daga 2,000 zuwa 4,000, an biya basussuka, an fanso gidansa. A 1851 ita da wasu matan garin suka kafa ƙungiyar mata masu yaƙi da bauta ta Rochester. Sukan yi ɗinki da saƙa, 'yan'uwansu na Ingila su aiko da kayan hannu, a buɗe kasuwar baje koli a sayar. A 1853 da 1854 suka tattara rubuce-rubucen mashahuran mutane suka buga littafi suka sayar, ribar ta tafi ga jaridar.

Kuma kuɗin nan ba a takarda kaɗai ya tsaya ba. Rochester tana kusa da tafkin Ontario, tsallakensa Kanada ce, inda ba a mai da bawa. Bayan dokar 1850 da ta tilasta kamo bayin da suka gudu ko a arewa suke, gidan Douglass ya zama zango. Akwai lokacin da mutum 11 suka ɓuya a gidansa a tare. Abincinsu da kuɗin jirginsu, da yawa daga asusun matan nan ya fito.

Sai dai duk da haka rami bai cike ba. A nan ne wani hamshaƙin mai filaye, Gerrit Smith, wanda shi ma maƙiyin bauta ne na gaske, ya kawo shawara a haɗe The North Star da jaridar jam'iyyarsa, shi kuma ya riƙa ba da tallafi duk wata. A watan Yuni na 1851 aka haɗe su, sunan ya koma Frederick Douglass' Paper. To ga inda gizo ke saƙar. Garrison yana ganin tsarin mulkin Amurka na masu bayi ne, don haka ba ruwansa da zaɓe. Smith kuwa yana ganin tsarin mulkin makami ne da za a yaƙi bauta da shi ta hanyar ƙuri'a. A da Douglass yana bayan Garrison. Wata guda kafin haɗewar, a taron da aka yi a Syracuse, ya tashi ya ce ya koma ra'ayi irin na Smith. Nan take Garrison ya nuna akwai lauje cikin naɗi, aka cire jaridar daga jerin waɗanda ƙungiyarsu ke goyon baya. Adalcin magana shi ne Douglass ya daɗe yana juya wannan batu a rubuce-rubucensa kafin ranar, kuma a kan sabon ra'ayin ya tsaya har ƙarshe. Amma mutane sun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka zargin ya bi shi shekara da shekaru, abota ta lalace.

Jaridar mako-mako ta tsaya a 1860, ta wata-wata da yake bugawa ta kai 1863, shekarar da Shugaba Lincoln ya yi shelar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye. Kusan shekara 16 ke nan ana bugawa. Ta Garrison ta yi shekara 35, ya rufe ta da hannunsa a Disamba 1865 da aka soke bauta a tsarin mulki. Ba jarida kaɗai ta kawo wannan ba, sai da aka gwabza yaƙin basasa. Amma su ne suka hana maganar kwanciya tun lokacin da ba mai son jin ta. Babu kuma wanda ya yi arziki da su a cikin mutanen biyu.

To Malam, ka ji amsar tambayarka. Kuɗin talaka yana riƙe jarida, kuma shi ne kuɗin da ba ya ɗaure mata baki, don in mutum dubu biyu ne ke biya, fushin mutum ɗaya ba zai kashe ta ba. Amma ka lura, abin da ya kusa kashe ta Douglass ba maƙiya ba ne, masoya ne masu yabo ba biya, da kuma rashin littafin lissafi. Saboda haka in samarin nan sun zo rumfarka, kada ka kore su, kada kuma ka miƙa ido rufe. Tambaye su nawa bugu ɗaya ke ci. Tambaye su wa ke riƙe da kuɗi, kuma shin shi ne mai rubutun ko wani ne daban. Ka ce su riƙa ba da rasit, su kuma buga abin da ya shigo da abin da ya fita a cikin jaridar kanta, kowa ya gani. In akwai wani babban mutum da ke ba su kaso mai tsoka, su faɗi sunansa tun yanzu, kada a ji a bakin wasu. In sun amsa maka da kyau, to ka yanka abin da za ka iya bayarwa duk ranar kasuwa ba tare da ka cuci iyalinka ba, ko kuɗin mudu guda ne, ka dawwama a kai. Wannan ya fi musu amfani a kan buhu guda da za ka bayar yau a yi ta shi maka albarka, gobe a neme ka a rasa. In kuwa suka fara kame-kame da ka ambaci lissafi, to riƙe kuɗinka.

Sauran takardu da suka iso suna nan a ajiye, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.