Tarihin Samso: Tsibirin Da Manoma Suka Mallaki Wutar Lantarkinsu

Jama'a, a shirinmu na wannan mako mun leƙa ƙasar Denmak, wani ɗan tsibiri da ake kira Samso. Mutanensa ba su wuce 4,000 ba, kuma an san su da noman dankalin turawa da kiwon shanu da aladu. Kafin 1997 wutarsu daga babban yankin ƙasar take zuwa, ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, akasarinta kuwa da kwal ake samar da ita. Man da suke ɗumama gidaje da shi lokacin sanyi ma a jirgin ruwa ake kawo musu.

A 1997 gwamnatin Denmak ta shirya gasa, tana neman tsibirin da zai koma dogaro da iska da rana da makamantansu cikin shekara 10. Samso ce ta ci. To amma cin gasa daban, yardar mutane daban. Manomi ba ya son a kafa masa dogon ƙarfe mai fukafukai a bayan gida yana ƙara dare da rana, riba kuma tana tafiya aljihun baƙo. Wani ɗan tsibirin, malamin makaranta mai suna Soren Hermansen, shi ya ɗauki aikin bi ƙauye-ƙauye yana zama da jama'a. A 1999 aka rufe mayankar tsibirin, mutane da dama suka rasa aiki, sai maganar neman sabuwar hanyar samu ta fara shiga kunne.

Shawarar da suka tsaya a kai ita ce injinan su zama na 'yan gari. Zuwa 2000 an kafa injinan iska 11 a tudu, kowanne megawat 1. Tara na manoma ne, biyu na ƙungiyoyin gama-kai da ɗaruruwan mutane suka sayi hannun jari a ciki. Makiyayi ya san wannan hali: kukan saniyarka ba ya hana ka barci, na saniyar maƙwabci ne ke damunka. A 2003 aka kammala wasu 10 a cikin teku, kowanne megawat 2.3, biyar daga ciki a lokacin mallakar ƙaramar hukumar tsibirin ne.

Ina manomi ya samo kuɗin sayen irin wannan inji? A nan maganar babban layin wutar ƙasa ta shigo. Wutar lantarki kamar nono take, ba ta son ajiya. In ka tatsa da yawa babu hanyar kasuwa, asara ce. Dokar Denmak ta lokacin ta tilasta a karɓi wutar injinan iska a babban layi, ta kuma tsayar da farashi na tsawon shekaru. Da banki ya ga akwai mai saye kuma farashi ba zai faɗi ba, sai ya ba da bashi. Ranar da iska ta yi ƙarfi, Samso na tura rarar wuta ta wayar nan ta ƙarƙashin teku ta karɓi kuɗi. Ranar da iska ta kwanta, ta jawo wuta ta wannan wayar.

Karan hatsi ma bai tashi a banza ba. An gina tashoshin da ke ƙona shi su dafa ruwa, a tura ruwan zafin gidaje ta bututu, kuɗin da a da ake kai wa masu mai ya koma hannun manoma. Kafin shekara 10 su cika, wutar da tsibirin ke samarwa ta zarce wadda yake sha.

A yankinmu rana ce muke da ita. Hukumar NERC ta Najeriya tana da ƙa'idar haɗa ƙaramar tashar gari da layin kamfanin rarraba wuta, bisa yarjejeniya tsakanin mai tashar da jama'ar gari da kamfanin. Don haka duk garin da aka zo wa da maganar tashar sola, kafin dattawa su ba da fili su yi tambaya uku. Tashar ta wa ce? Wa zai sayi rarar wutar? A kan nawa, har tsawon shekara nawa? A rubuta amsoshin, a sa hannu gaban shaidu.