Hana yaro ilimi: Abin da dokokin Najeriya suka ce game da iyaye

Duk lokacin da aka fitar da sabbin alƙaluman yaran da ba sa zuwa makaranta, akan ji kiraye-kirayen a kafa dokar da za ta hukunta iyayensu. Abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, wannan doka ta haura shekara 20 da kafuwa. Tun 2004 laifi ne a Najeriya uba ko uwa ko mariƙi ya bar yaro bai yi karatun firamare da ƙaramar sakandare ba. Muhawarar da ta rage ita ce wane ne ya cancanci a kira shi mai sakaci, kuma wane irin karatu doka ke nufi.

Tanadin doka

Dokar Ilimin Bai-Ɗaya Kyauta Kuma Dole, wadda Shugaba Olusegun Obasanjo ya sanya wa hannu a watan Mayun 2004, ita ce ginshiƙi. Sashe na 2 ya ɗora wa kowace gwamnati nauyin samar da ilimi kyauta na shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, sannan ya wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya shiga kuma ya kammala. Wanda aka samu da laifi a karon farko, jan kunne kotu za ta yi masa. A karo na biyu, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun. Idan ya sake, tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko a haɗa masa. Kotun majistare na da hurumin sauraron ƙarar.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta zo da kusan irin wannan hukunci a sashe na 15, sai dai ta ƙara aikin yi wa al'umma hidima a kan jan kunnen farko. Ta kuma ba yarinyar da ta samu juna biyu kafin ta gama makaranta damar komawa bayan haihuwa, sashe na 30 kuma ya haramta amfani da yaro wajen bara ko talla a manyan tituna.

A lokacin da aka rubuta tarar Naira 2,000, mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 5,500 ne, ke nan ta zarce kashi ɗaya cikin uku na albashin ƙaramin ma'aikaci. A 2024 albashin ya koma Naira 70,000, tarar kuwa tana nan yadda take. A 2023 Sanata Orji Uzor Kalu ya gabatar da ƙudirin gyara a Majalisar Dattawa, inda ya nemi babbar tarar ta kai Naira 50,000.

Hujjar masu goyon bayan hukunci

Masu ganin ya dace a sanya hana ilimi a sahu ɗaya da hana abinci ko magani suna cewa yaro ba shi da ikon neman haƙƙinsa, kuma illar ba ta bayyana sai lokaci ya ƙure. Yaron da aka bari da yunwa ana ganin alama a jikinsa, amma wanda aka hana karatu zai iya kai shekara 15 lafiya lau kafin a gane an rufe masa ƙofofi masu yawa. Suna kuma nuni da cewa ba kowane uba talauci ya hana ba. Akwai mai hali da ke cire 'yarsa daga aji don talla ko aure, alhali yayyenta maza na karatu. Wannan koke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab, fiye da shekara 200 da suka wuce.

Nauyin gwamnati

A nan ne dokar ta fi rauni. Ta yanke hukunci ga iyaye, ta yanke tarar da ba ta wuce Naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta, amma ba ta tanadi komai ga gwamnatin da ta gaza gina aji ko ɗaukar malami ba. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya yi alƙawarin ilimi kyauta, sai dai ya gindaya cewa idan hali ya yi, kuma yana cikin Babi na Biyu wanda sashe na 6(6)(c) ya hana a kai ƙara a kansa. Kotun ECOWAS, a shari'ar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta yanke a 2010 cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a kotu. Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta bi sahu a 2017, a ƙarar ƙungiyar LEDAP, tana mai cewa dokar 2004 ta mayar da alƙawarin tilas.

Ta fuskar kuɗi, doka ta ware wa shirin aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya, ƙarƙashin hukumar UBEC. Jiha ba za ta taɓa kasonta ba sai ta ajiye nata kwatankwacinsa, kuma hukumar ta sha kokawa cewa biliyoyin Naira na kwance saboda jihohi ba su cika wannan sharaɗi ba. Abu ne mai wuya alƙali ya ɗaure manomi don ɗansa bai je makaranta ba, idan makarantar da ta fi kusa ba ta da rufi, ko malami ɗaya ke fama da yara sama da 100. Haka kuma bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024, uban da ya riƙe 'yarsa a gida yana da uzurin da ba za a kira shi sakaci kai tsaye ba. Dokar ba ta bambance wanda ya ƙi da wanda ya kasa ba.

Yawan yaran ma kaɗai ya isa ya hana aiwatarwa. UNICEF ta daɗe tana ambaton miliyan 10.5 tsakanin shekara 5 zuwa 14, yayin da UNESCO ta ƙiyasta kimanin miliyan 20 a 2022 bayan ta haɗa da masu shekarun sakandare. Babu kotunan da za su iya ɗaukar ƙararraki masu wannan yawa.

Batun almajirai

Uban da ya kai ɗansa tsangaya bai ɗauki kansa a matsayin wanda ya hana shi ilimi ba, hasali ma yana ganin ya sauke wajibi. Dokar 2004 ta ambaci almajirai da 'ya'yan makiyaya cikin rukunin da shirin ya shafa, amma abin da ta wajabta wa iyaye shi ne firamare da ƙaramar sakandare. Ke nan a idon doka, yaron da ya haddace izu 60 bai yi karatun dole ba. A Ingila, dokar ilimi ta 1996 ta bi wata hanya dabam: ta wajabta ilimin da ya dace da yaro, a makaranta ko ta wata hanya, sannan ta hukunta iyayen da ɗansu ke da rajista amma yake fashi, har zuwa tarar Fam 2,500 ko ɗaurin wata uku. Jamus kuwa zuwa makarantar kanta ta wajabta.

Malaman addini da dama sun raba karatun allo da bara. A wurinsu, sakacin yana ga tura yaro ɗan shekara 6 wani gari ba guzuri ba ziyara, domin ciyar da shi da tufatar da shi na kan mahaifinsa a shari'a. A kan wannan gaɓa ana iya samun haɗin kan malamai da hukuma fiye da kan barazanar ɗauri.

Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun almajirai sama da 150, farawa da ta Gagi a Sakkwato a 2012, amma da yawa sun lalace bayan an miƙa su ga jihohi. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun mayar da almajirai jihohinsu na asali, sai dai da dama sun koma bayan an ɗage kulle. A watan Mayun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar kafa Hukumar Kula da Ilimin Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta, wadda aka ɗora wa aikin haɗa karatun allo da rubutu, lissafi da koyon sana'a.